Ba Laifin Rezo Ba Ne

A shekarar 2022 na gina wa wata haɗakar ƙungiyoyin manoma ta gundumomin Tasawa da Mayahi shafin intanet wanda masu shi ba sa iya buɗewa. An biya ni kuɗin aikina cif, an gode mini a bainar jama'a. Da ƙorafi ya fara zuwa sai na ɗora laifin a kan rezo, daga baya kuma na ɗora shi a kan manoman kansu. Gina shafin ba daidai ba kuskure ne, amma na biyun ya fi ci mini rai, domin shi a takarda na rubuta shi, na sa hannu a ƙasa. Abin da ya sa nake ba da labarin shi ne samari da ƴan mata da yawa a Maraɗi da Damagaram sun kama wannan sana'a, kuma hanyar da ta kai ni rami ita ce wadda ta fi sauƙin bi.

Tasawa tana kan babbar kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Caduwa da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram. Mayahi tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba, cikin rairayi. A ƙidayar 2012 kowace ɗaya daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, kuma mafi yawansu a ƙauye suke. Gero shi ne abinci. Wake da gyaɗa da riɗi da aya su ne kuɗi. Haɗakar da ta ba ni aiki tana yin abin da ake kira warantaj, tsarin da ya shigo Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka, lokacin da kowa yake neman kuɗi farashi kuma ya faɗi warwas, sai a tara buhuna a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Manomi ya karɓi bashinsa ya yi hidimar gida, a jira bazara kaya su yi daraja, sannan a buɗe a sayar. Ribar tsarin gaba ɗaya ta rataya ne a kan samun mai saye na kirki a lokacin da ya dace.

Wani furoje ne ya biya kuɗin shafin, amma shugaban haɗakar, dattijo mai ƙarancin magana, shi ya faɗa mini abin da ake buƙata tun zaman farko. Ya ce: "Ɗana, abu uku muke so baƙo ya sani. Mi muke da shi, nawa muke saidawa, wa zai kira." Na rubuta a littafina. Littafin yana nan har yau, rubutun yana ciki, kuma shafin da na gina bai amsa ko ɗaya daga cikin ukun ba a fuskarsa ta farko.

Ban rubuta shafin da hannu ba. Yanzu ba kasafai ake yin haka a ƙaramin aiki ba, tunda ga manhajojin gina shafi birjik. WordPress ta fito tun 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke zaune. Wix ta biyo baya a 2006, Elementor a 2016, ga wasu nan da dama. Aikinsu iri ɗaya ne: su ba ka samfurin da aka riga aka ƙawata, ka cire hoton wani ka sa naka, ka goge rubutun wani ka zuba naka, ka ja akwati da linzami ka ajiye inda ranka ya so. Alheri ne babba, don sun buɗe wa wanda bai yi shekaru yana koyon yaren kwamfuta ba hanyar cin abinci. Wadda na yi aiki da ita ba ta yi mini laifin komai ba, abin da na umarce ta shi ta yi. Sai dai akasarin samfuran an zana su ne da tunanin mai faffaɗan allo da intanet marar yankewa, irin wanda ake biya sau ɗaya a wata ba a ƙirga abin da aka sha. Samfuri ba ya tambayar wanda zai buɗe shi. Mai gini ne zai tambaya, ni kuwa ban yi ba.

Na ɗauki wanda ya fi burge ni. A samansa manyan hotuna ne masu shuɗewa ɗaya bayan ɗaya, na ɗora su yadda suka fito daga kyamara, ko ragewa ban yi ba: gonar wake ta yi shar a gindin gawo, jajayen awaki, mata suna sheƙe riɗi. Ƙasa da su bidiyo mai tashi da kansa. Sai jawabin shugaba, sai tarihin haɗaka, sai tamburan masu tallafi a jere. Farashin kaya na cusa shi cikin takardar PDF, sai an ratsa ƙofa biyu kafin a kai gare ta. Mai son magana da haɗaka kuma na ajiye masa fom ya cike, ya sa adireshin imel. Duka da Faransanci. A saman manhajar akwai ɗan hoton waya, in ka danna sai shafin ya tsuke ya ɗauki siffar salula a tsakiyar allon kwamfuta. Na danna, na ga komai ya jeru, na ce alhamdu lillahi, ya dace da waya. Iyakar gwajin da na yi ke nan, a ofis, a Maraɗi, a kan wifi. Ranar ƙaddamarwa aka haska shi a bango da majigi, aka tafa. Babu wanda ya fiddo wayarsa ya gwada, ni ma ban ce a gwada ba.

Da a ce rashin sani ne, da da sauƙi. Na san maganar. Na san cewa tun 2009 wani Ba'amurke mai tsara shafuka, Luke Wroblewski, ya yi kira da a riƙa farawa da waya sannan a faɗaɗa zuwa kwamfuta, har ya fitar da littafi a kai a 2011. Na san Ethan Marcotte ya nuna a 2010 yadda shafi ɗaya zai riƙa miƙewa yana tsukewa gwargwadon allon da ya samu kansa. Na san kamfanin StatCounter ya ba da sanarwar cewa a watan Oktoba na 2016, a karon farko, shiga intanet ta waya da kwamfutar hannu ya zarce na kwamfutar tebur a duniya, kuma daga 2018 Google ya fara auna shafuka da fuskarsu ta waya. Na karanta, har ina maimaita wa ƙannena a sana'a. Amma abin da na ɗauka shi ne magana ce ta faɗin allo kawai. Alhali hujjar Wroblewski ta wuce nan: ƙuncin waya yana tilasta maka zaɓi. In wuri bai isa komai ba, dole ka tsaya ka tambayi kanka wane abu ne in babu shi shafin bai da amfani, ka sa shi a gaba, sauran su jira. Ni kuwa na yi irin ta telan da ya ɗinka babbar riga da aska takwas, sannan ya nannaɗe hannuwanta ya ce ga rigar yaro.

A Mayahi kuwa ƙuncin ba na allo kaɗai ba ne. Akwai na mega, wadda ake saye kaɗan-kaɗan, ta yini ɗaya, da kuɗin da aka tsakuro daga cefane. Akwai na caji, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba. Akwai na wayar kanta, don abin da ke hannun jama'a ƙananan Tecno da itel ne, da yawa an saye su na hannu, cikinsu ya cika da vokal da hotuna. Akwai na rana, wadda take shafe duk rubutun da bai yi baƙi sosai ba. Akwai na karatu, tunda manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba, masu Faransancin da zai ishe su karanta jawabi kuwa sun fi haka ƙaranci. Babu ɗaya cikin waɗannan da ɗan hoton wayar nan na saman manhaja yake nunawa.

Ƙorafi bai daɗe ba ya fara. Sakataren haɗaka, sa'ana ne, malamin makaranta a wani ƙauye ta wajen Kanambakashe, ya kira ya ce sit ɗin ba ya buɗewa. Na buɗe a kwamfutata, ya buɗe garau. Na ce masa rezo ne, Malam, ka hau tudu ka sake gwadawa. Wani ya kira daga wajen Urafan, na ba shi amsa iri ɗaya. Kalmar ta yi mini daɗin baki, don kowa ya san rezon ƙauye ba ƙarfi gare shi ba, babu mai musa maka. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani.

Da ofishin furojen ya ga alƙaluman masu ziyara ba sa motsi, sai ya nemi in rubuta dalili. A nan na yi abin da ya fi muni. Na rubuta cewa shafin lafiyarsa lau, matsalar ita ce ƴaƴan ƙungiyoyin ba su saba da fasahar zamani ba, suna buƙatar horo. Ban je na gani ba, ban riƙe wayar ko mutum ɗaya ba, na yanke wa dubban mutane hukunci daga kan kujera. Aka yarda da ni, don ni ne masani. Aka kira horo a Tasawa. Dattawa da mata suka baro gonakinsu a tsakiyar aiki, wasu a amalanke zuwa bakin hanya, wasu a bayan kabu-kabu, suka zauna wuni guda ana koya musu yadda ake buɗe abin da ba ya buɗuwa. Ba ni na ba da horon ba, ban ma halarta ba. Mutanen nan da na ce ba su iya fasaha ba, su ne suke tura kuɗi ta Nita da Amana, suke cinikin awaki ta hoto a WhatsApp, suke tura wa juna wa'azi da fina-finai ta Xender ba tare da sun kashe ko dala ba.

Abin da ya tashe ni daga kujera wani ɗan kasuwa ne daga Dawanau ta Kano. Shi babbar waya gare shi da intanet mai ƙarfi, don haka shafin ya buɗe masa lafiya. Ya sauke takardar farashi, ya ga wake buhu kaza a sito kaza, a kuɗin da ya yi masa. Babu kwanan wata a jikin takardar, babu lambar da zai kira. Yaronsa yana Maraɗi yana sayayya, sai ya ce masa ya ɗauki shatar mota ya wuce. Yaron ya iske sito an share shi tun tuni, farashin da yake riƙe da shi kuma na kaka ne. Aka yi cacar baki a gaban jama'a. Shugaba ya ba da haƙuri, haɗaka ta biya wani abu daga kuɗin mai. Da ya kira ni bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Ɗana, mu ba mu saba faɗin abin da babu ba. Yanzu a Kano an ce mu maƙaryata ne." Wato waɗanda aka gina shafin dominsu ba sa iya buɗe shi, wanda ya iya buɗewa kuma ƙarya ya tarar.

Da na je, sakatare ya nuna mini dalilin da farashi ya tsufa. Ya fiddo wayarsa ya shiga ɓangaren gyara, wanda ni a kwamfuta nake shiga kullum. Fuskar ta cika da ƙananan alamomi sun hau kan juna, yatsa ba ya iya kama ko ɗaya, can kuma wayar ta sandare. In zai canza lamba ɗaya tak, sai ya jira ranar da babu makaranta, ya hau mota zuwa gari, ya biya kuɗin zama a shagon kwamfuta, ya buga sabuwar takarda, ya ɗora. Ya yi hakan da kuɗin aljihunsa har ya gaji. Bai faɗa mini ba, ya ce, don ya ga duk abin da ya kawo sai in ce rezo. Ban taɓa tunanin cewa shafi fuska biyu gare shi ba, ta mai karantawa da ta mai sabuntawa, kuma a wurin da babu kwamfuta dukkansu a waya za su rayu ko su mutu.

Ranar Litinin muka shiga kasuwar Mayahi. A gefen ƴan hatsi akwai rumfar mai caji, faranti mai zuƙar hasken rana a kan rufi, tebur cike da wayoyi, kowace an manna mata ƴar takarda mai lamba. A nan muka haɗu da ma'ajiyar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin mata, dattijuwa, ta zo karɓar tata. Ta kwance ta daga cikin leda, gilashin ya tsage ta kusurwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, Inna, ku ara mini wayar nan in gwada wani abu. Na sa mata mega a wurin mai kati, na buga adireshin shafina. A saman fuskar harafin E ne, alamar rezo mai rauni, wanda da ƙyar ake shiga intanet da shi. Fari fat. Na jira. Can sai kan hoton gawo ya fara saukowa layi-layi, ya tsaya a rassa. Rubutun da na zaɓa ruwan toka a kan fari, don ya yi kyau a ofis, rana ta haɗiye shi, sai da na kare da hula. Bayan wayar ya ɗauki zafi a tafina. Ban kai ga ƙofar farashi ba saƙo ya shigo cewa megar ta kusa ƙarewa.

Tana tsaye tana kallona. Ta ce: "Ɗana, ashe kai ma haka yake yi maka? Ni na ɗauka hannuna ne bai iya ba." Sannan ta ba ni labarin ranar horo. Jikanta ya sa mata mega da safe don ta saurari vokal ɗin ɗanta da ke ci-rani a Agadas. Aka ce kowa ya danna adireshi, ta danna, wanga abu ya cinye megar tas, ta koma gida ba ta ji muryar ɗanta ba sai da aka sake sa mata wata. Ba da fushi ta faɗa ba. Ta riga ta karɓi laifin ta ɗora wa kanta, kamar yadda rahotona ya ce. A nan inda muke tsaye, da wannan E ɗin, na tura wa sakatare vokal daga wayarta, ya shiga nan take. Rezon yana da rauni, gaskiya ne, amma yana ɗaukar abin da aka yi daidai ƙarfinsa.

Da na koma na auna abin da ya kamata in auna tun farko. Shafin farko kaɗai ya haura megabait 20. A shekarar, bisa ƙididdigar HTTP Archive, matsakaicin shafi a waya kusan megabait 2 ne, kuma ko shi masana suna kukan ya yi nauyi. Lissafin ba wuya gare shi ba. Megabait ɗaya kilobit dubu 8 ne. Rezon E, in ya yi ƙoƙari, yana jan kilobit 200 a daƙiƙa. Ke nan kowane megabait daƙiƙa 40, shafina kuma ya wuce minti 13, in ba a samu yankewa ba. Wani binciken Google na 2016 ya gano cewa fiye da rabin masu buɗe shafi a waya suna barinsa in ya wuce daƙiƙa 3 bai fito ba. Mutanen Mayahi sun fi haka haƙuri nesa ba kusa ba, amma haƙurin da kuɗinsu suke biyansa. Kowane hoton da na ɗora don a yaba mini a zauren taro, wata tsohuwa ce ta biya kuɗin saukarsa.

Akwai kuma maganar harshe. Da aka matsa, na ƙara shafi ɗaya na Hausa, amma salon harafin da samfurin ya zo da shi bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, sai su fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, a wasu wayoyin ma akwati ne fanko. Maimakon in canza salon, sai na cire ƙugiyoyin na huta. Wannan raini ne, ko da ban kira shi haka ba a lokacin. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma a kasuwar Tasawa ta Lahadi ba a jira doka ba, da ita ake ciniki tun kafin a haifi kakanninmu. Kuma ko Hausar ce, kunne ya fi ido yawan jama'a a nan. RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ta gane haka tuntuni: manomi ya ɗauki hoton tsutsar da ta kama masa wake ya tura ta WhatsApp, a amsa masa da murya cikin harshensa. Misalin yana gabana, ban duba ba, don idona yana kan shafukan kamfanonin Turai.

Na sake ginin ba tare da na karɓi ko sisi ba, kuma a wannan karon da takarda da biro na fara. Na zana akwati mai faɗin tafin hannu, na buɗe tsohon littafina, na kwafi abubuwa ukun nan na shugaba. Na sayi tsohuwar waya irin ta Inna, na rantse ba zan duba aikin a kwamfuta ba sai ya gamsar da ni a kanta. Shafi ɗaya ne, an auna shi a faɗin fiksel 360, wanda shi ne na yawancin ƙananan Android. A can sama kwanan wata da manyan haruffa. Ƙasa da shi sunan kaya, yawan buhu, garin da siton yake, farashi. Baƙin rubutu a kan fari, da harafin da ya zo da wayar, wanda ba a sauke shi kuma ya san ƙugiyoyinmu. Maɓalli biyu manya, yadda babban yatsan manomi zai danna bai kuskure ba: ɗaya ya kira sakatare kai tsaye, ɗaya ya buɗe WhatsApp. Hoto ɗaya ƙarami ga kowane kaya, an matse shi, don mai saye ya ga ƙwayar. Sai muryar sakatare yana karanta farashin mako, wadda ba ta tashi sai an taɓa ta, an kuma rubuta nauyinta a gefe don mutum ya san abin da zai kashe. Hausa a gaba, Faransanci ga mai so. Duka-duka bai kai kilobait 150 ba in ba a kunna muryar ba.

Abu biyu na fi alfahari da su, kuma ba a ganinsu. Na farko, sakatare yana sabunta farashi daga wayarsa ta ɗan gajeren fom mai gurabe huɗu, yana zaune a ƙofar gidansa. Na biyu, duk farashin da ya kwana bakwai ba a taɓa shi ba, shafin da kansa yake ɓoye shi ya rubuta cewa a kira a tambaya. Gara a ga gurbi babu komai da a sake turo mota daga Kano a kan tsohon zance. Tarihi da jawabi da tambura na mayar da su baya, ga duk mai sha'awa. Wasu a ofishin furojen ba su ji daɗi ba, sun ce ya yi kama da takardar boko, ba shi da armashi. Na fahimce su, don su ma ana tambayarsu abin nunawa. Amma a wannan karon ina da wayar da zan miƙa musu in ce su buɗe tsohon da sabon.

Ba a daɗe ba aka shiga wani hali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa, aka rufe iyaka, ba a dawo daidai ba sai a watan Maris na 2024. Ciniki da Kano ya tsaya cik, caji ya zama abin tattali ko a cikin gari. A watannin nan mutum yakan kunna waya ya duba abin da zai duba ya kashe. Shafin da ke buɗewa kafin a ƙifta ido ya ci gaba da aiki, ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Agadas suka riƙa kira. Na san za a ce zamani yana tafiya, 4G tana yaɗuwa, Starlink ma ta shigo ƙasar a 2025. Haka ne, kuma ina murna. Sai dai ƙarfin eriya ba ya ƙara kuɗin da ke ɗaure a haɓar zanin Inna, ba ya kuma sabunta mata waya.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba sai da furoje ya kusa rufewa: sunan shafin da masaukinsa haya ne, kowace shekara ake biya, da katin banki, kuma da sunana da imel ɗina na yi rajistar. Da na yi tafiya ko na faɗi na mutu, shafin ya bi ni. Shafukan ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan haka suke ɓacewa, shekara ɗaya bayan tafiyar mai tallafi. Muka mayar da komai da sunan haɗaka, aka rubuta kalmar sirri aka ba mutum biyu, aka sa kuɗin haya cikin lissafin shekara kusa da kuɗin maganin ƙwari na sito. A zaman ne wani ya tambaya ko ma suna buƙatar shafin, tunda WhatsApp Business yana da wurin jera kaya tun 2019. Tambaya ce mai kyau, wadda ni ya kamata in yi kafin in karɓi aikin. A ganina kashi mafi girma na cinikinsu a WhatsApp da kiran waya yake, kuma a nan zai ci gaba da zama. Amfanin shafin ɗaya ne: baƙon da bai san kowa ba ya same su, ya ga lamba. Suka ce wannan ɗin ya isa a biya masa haya.

Na nemi gafarar shugaba da sakatare da Inna, kowa a gabansa, na mayar wa sakatare kuɗin motar da ya kashe. Sun yafe, shugaba ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ɗan kasuwar Dawanau bai sake waiwayarsu ba, duk da saƙon da aka aika masa. Wunin da mutane suka bar gonakinsu ba ni da hanyar mayar musu da shi. Rahoton nan kuma na rubuta wani na warware shi, na faɗi nauyin shafin da lissafin mintocin, na ce manoman ba su da laifi kuma ba su taɓa buƙatar horon ba. Lokacin da na kai, furojen yana tattara kayansa, wanda ya karɓa ya ce zai haɗa da sauran takardu. Na farkon ya riga ya shiga babban rahoton da aka aika Yamai, kuma duk wanda ya zo da sabon furoje a Tasawa da Mayahi ya nemi abin da aka rubuta a baya, shi zai fara karantawa.